Niyyar kasuwanci da takardun baƙo: hanyar da na bi a Kano

Ni mutumin Damagaram ne, kuma karatun digiri a fannin tattalin arziki ne ya kawo ni Jami'ar Bayero a 2019, bayan na ɗauki lokaci ina gyara Ingilishina, domin da Faransanci na yi karatu tun daga firamare har na gama sakandare. Tsakanin garinmu da Kano tafiyar ba ta kai kilomita 250 ba, harshe ɗaya muke yi, tuwo ɗaya muke ci, har akwai ranakun da nakan manta cewa a wata ƙasa nake zaune. Ofisoshi ne kawai ba sa mantawa. Ƙannenmu da ke zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru suna yawan tambayata yadda aka yi na haɗa karatu da fatauci, amsar kuma ba ta ƙarewa a zama ɗaya, shi ya sa na ga ya dace in rubuta ta daki-daki, tun daga ranar da na bayyana niyyata a aji.

Darasin koyon sana'a dole ne a kan kowane ɗalibin digirin farko a jami'o'in Najeriya tun wajen 2007, lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta shigar da shi cikin manhaja saboda yawan masu digirin da ke zaune babu aikin yi. A makon farko malaminmu ya raba mana takardar tambayoyi, inda kowa zai ba kansa maki daga 1 zuwa 7 a kan ko yana ganin kasuwanci ya fi masa aikin albashi, ko iyayensa da abokansa za su goya masa baya, da ko yana jin zai iya riƙe harkar idan ya fara. Sai da muka mayar da takardun sannan ya bayyana mana cewa tambayoyin sun ginu ne a kan nazarin da wani masanin halayyar ɗan Adam, Icek Ajzen, ya fitar a 1991. A nazarin nan niyya ce ke gabatar aiki, ita kuma niyya abu uku ne ke haifar da ita: yadda mutum yake kallon abin, da abin da yake zaton mutanensa za su ce, da yadda yake jin abin yana cikin ikonsa.

Mu baƙi da muka fito muka tsaya a inuwa muna hira, sai na tarar kusan kowa maki na sama ya ba kansa, kuma ban ga abin mamaki a ciki ba. Yawancinmu daga gidajen 'yan kasuwa ko makiyaya muka fito, kuma kowa ya san cewa gurbin aikin gwamnati a ƙasarsa bai kai yawan masu nemansa ba. Ga kuma kuɗin gida da ba kullum suke isowa a kan kari ba, abin da ya sa da yawa sun riga sun fara juya taro da sisi tun kafin a koya musu sunan abin a aji. Akwai ɗan Chadi da ke sayar da turare a ɗakin kwanan ɗalibai, da 'yar Maraɗi da ke dawowa hutu da kilishi da cuku, da ɗan Kamaru da ke gyaran kwamfuta a Danbare. Malamin ya ambaci wasu masana biyu, Shapero da Sokol, waɗanda tun 1982 suka lura cewa sau da yawa ba sha'awa kaɗai ke tura mutum kasuwanci ba, sai wani abu ya tumɓuke shi daga inda ya saba, kamar rasa aiki ko ƙaura. Idan haka ne, kowane ɗalibi baƙo an riga an tumɓuke shi tun ranar da ya tsallaka iyaka.

Sai dai akwai tambayar da takardar ba ta yi ba, ita ce kuma ta fi damun baƙo: a wace ƙasa za ka yi kasuwancin? Ɗan Kano idan ya ce zai iya, yana nufin yana da basira da jari da wanda zai tsaya masa. Baƙo idan ya faɗi haka, sai an ƙara tambayarsa ko doka ta yarda masa, da wane kuɗi zai riƙe jarinsa, da inda zai kasance idan karatu ya ƙare. Na ga akwai wani babban bincike da Jami'ar St. Gallen ta Switzerland ke jagoranta tun 2003, wanda ke tambayar ɗalibai a ƙasashe da dama abin da suke son yi da zarar sun gama karatu, da kuma abin da suke son yi bayan shekara biyar, kuma abin da ke yawan fitowa shi ne a fara da aikin albashi sannan a koma ga kasuwanci. Wannan rabewar ta fi kusa da gaskiyar rayuwarmu, amma ko ita ba ta shafi maganar iyaka ba.

Aikin da aka ba mu na ƙarshen zango shi ne rubuta tsarin kasuwanci. Ni na rubuta a kan dabinon da ke saukowa daga yankin Agadas, cewa za a tsince shi, a wanke, a ƙulla a leda mai suna, a kai manyan kantuna. Tsarin ya sami maki mai kyau. Da na bi diddigin abin da ake buƙata a zahiri, sai na iske abincin da aka ƙulla don sayarwa a kantuna yana buƙatar lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ita kuma ba a ba da ita sai da rajistar kasuwanci, da wurin sarrafawa da jami'ai za su zo su duba, da samfurin da za a gwada a ɗakin bincike. Ga shi kasuwar dabino ta fi tashi ne da azumi. Ɗalibin da ke haya a ɗaki ɗaya a Rijiyar Zaki ba shi da wannan hali, don haka na ajiye tsarin a akwati.

Abin da ya buɗe mini hanya shi ne yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya faro daga 14 ga Fabrairu ya kai 14 ga Oktoba. Da yawa daga cikinmu sun koma gida, ni kuwa na zauna saboda kullum ana cewa an kusa komawa. Wani abokin karatuna ɗan Fagge, wanda ya gaji da ganina a ɗaki, ya ɗauke ni ya kai ni shagon kawunsa a Kantin Kwari. Bayan mun gaisa, Alhajin ya tambaye ni abin da nake karanta, na faɗa masa, sai ya ce, "To ɗana, ka iya lissafin sefa da ka?" Na ce, "Na iya, Baba." Ya nuna mini benci kusa da ƙofa ya ce in zauna, idan mutanen garinmu sun zo ni zan yi magana da su. Ba albashi aka yanka mini ba, ba kuma aiki aka ɗauke ni ba. Zaman koyo ne, wanda ladansa abincin rana da kuɗin adaidaita sahu.

A bencin nan na fahimci abin da babu shi a tsarin dabinona. Na koyi cewa turmin atamfa yadi shida ne, cewa farashin sari daban da na ɗai-ɗai, kuma wanda zai ɗauki dila ba a yi masa maganar da ake yi wa mai turmi biyu. Na ga yadda Alhajin ke murza gefen shadda da yatsa biyu, ya ɗaga ta wajen haske, ya shinshina, kafin ya ce komai a kan kuɗinta. Ya sha faɗa mana cewa a wurin saye ake cin riba, ba a wurin sayarwa ba. Na kuma ga ambaliyar watan Agusta na shekarar, wadda ta shiga shagunan ƙasa ta jiƙa kaya masu yawa a kasuwar, na ga yadda masu kaya da masu bashi suka zauna suka yi wa juna lamuni ba tare da an je kotu ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan mutanenmu da ke zuwa sari. Mace za ta taso daga Damagaram ko Matamaye, ta biya mota zuwa da dawowa, ta kwana a masauki, ta canza kuɗi a farashin da aka ga dama saboda tana sauri, duk a kan kayan da ba su wuce buhu ɗaya ba. Waɗanda mazajensu ba su bari su yi tafiya kuwa, sai dai su saya a hannun waɗannan da ƙarin riba.

Yayata tana cikin kashi na biyu. Ta daɗe tana sayar da atamfa da leshi a gida a unguwar Birni, tana saro su a kasuwar Dole. Na kira ta na ce, "Yaya, idan zan nuna miki kaya ta WhatsApp daga cikin Kwari ki zaɓa da idonki, in saya in sa a mota, za ki daina saye a Dole?" Ta ce idan launin da ta gani a waya shi ne zai iso, to ita da ƙawayenta ma. Nan niyyar da na rubuta a aji ta sami kan da za ta kama. Ba ni da jarin da ya fi na ɗan Kano, ban kuma fi shi sanin Kwari ba. Abin da nake da shi kawai shi ne na san kasuwa biyu, na san launin da matan garinmu ke so da wanda za su ce ya yi duhu, kuma akwai waɗanda za su aiko da kuɗinsu saboda sun san gidanmu. Wannan ba sabon abu ba ne a Kano. Agalawa, waɗanda Alhassan Dantata ya fito daga cikinsu, asalinsu daga arewa suka zo, ita kanta Fagge zangon fatake ce tun farko.

Daga nan sai maganar takardu, wadda ta fi cin lokaci. A wancan lokacin Nijar tana cikin ECOWAS, wadda mu muka fi sani da CEDEAO, kuma yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba har kwana 90. Wanda zai zarce haka, kamar ɗalibi, sai ya nemi katin zama a Hukumar Shige da Fice. Nawa na riga na yi shi da fasfo da hotuna da wasiƙar makaranta, abin da ya rage shi ne in tabbatar bai ƙare ba. Da shi na sami lambar NIN, domin baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida shi ma ana yi masa, sannan na yi BVN na buɗe asusun banki da sunana. Ina ba duk mai zuwa shawara ya bi wannan jerin yadda yake, domin kowace takarda ita ce ke buɗe ta gaba, kuma ya lura sunansa ya zama iri ɗaya a ko'ina. Mu da aka rubuta sunayenmu da ƙa'idar Faransanci, harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin fasfo da takardar makaranta ya isa ya sa a mayar da mutum.

Asusu daban, izinin kasuwanci daban. Abokina ya haɗa ni da wani lauya da ke masallaci ɗaya da su, muka same shi bayan la'asar. Na ce, "Barista, so nake in yi rajistar kasuwanci da sunana." Ya karɓi katina ya duba, ya ce wannan shaidar zama ce ta ɗalibi. Ya bayyana mini cewa Dokar Shige da Fice ta 2015 ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba kafa kasuwanci ba tare da amincewar hukuma ba, kuma kamfanin da baƙo ke da hannun jari a ciki sai ya yi rajista da Hukumar Bunƙasa Zuba Jari, ya kuma nemi izinin kasuwanci a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda ƙa'idarta ta 2022 ta sa jarin irin wannan kamfani ya kai naira miliyan 100. Na tuna masa cewa ECOWAS ta amince da 'yancin kafa sana'a tun 1990. Ya ce haka ne, kuma dubban 'yan Nijar na kasuwanci a Kano ba wanda ya tsare su, amma shi ba zai ba ɗalibi shawarar ya jingina karatunsa a kan abin da bai fito fili a katinsa ba.

Hanyar da mutane da yawa ke bi ita ce a yi rajista da sunan ɗan ƙasa, baƙon ya ɓuya a baya alhali dukiyar tasa ce. Ban so wannan ba, ba don ina zargin abokina ba, sai don duk ranar da aka sami saɓani, ko ɗayanmu ya rasu, takarda za ta faɗi abin da ba shi ne gaskiya ba, magada kuma takarda za su bi. Abin da muka tsara shi ne kowa ya tsaya a ƙasarsa da sunansa na gaskiya. Jarin na yayata ne, wanda ta haɗa da kuɗin adashinta da na mahaifiyarmu. Abokina shi ne mai saye da aikawa a Kano, kasuwancin nan nasa ne na haƙiƙa. Ni kuma idon gidanmu ne: in zaɓi kaya tare da ita, in riƙe littafin lissafi, rabona kuma daga ɓangaren Damagaram zai fito, da sefa.

Kawun abokina ne ya ce kada mu fara sai mun je wurin malaminsa, domin abin da muka tsara yana da suna a fiƙihu, wato ƙiradi. Muka je zauren da daddare bayan ɗalibai sun tashi. Malam ya buɗe Risala ya karanta mana wurin, ya fassara. Ya ce ƙiradi da tsabar kuɗi ake ƙulla shi, ba da kaya ba. Rabon mai aiki kaso ne na riba da aka ambata tun farko, kamar rabi ko sulusi, ba adadin kuɗi tsayayye ba. Idan aka yi asara ba tare da sakaci ba, mai dukiya ce ta rasa kuɗinta, mai aiki kuma ya rasa wahalarsa. Sannan ba a raba riba sai uwar kuɗi ta koma kuɗi. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, idan jarin sefa ne aka saya da naira, da wanne za a auna uwar kuɗin?" Ya ce da abin da mai dukiya ta miƙa, kuma mu rubuta hakan a fili, ya kawo ayar rubuta bashi ta cikin Suratul Baƙara. Aka rubuta yarjejeniyar da Hausa, shaidu biyu suka sa hannu, aka karanta wa yayata da mijinta ta waya suka amince. A ganina wannan zama ya fi duk wani darasin haɗin gwiwa da na ji a aji amfani, domin ya amsa tambayar da abokai ke jin nauyin yi wa juna, wato wa zai ɗauki asara.

Rajistar abokina a Hukumar Rajistar Kamfanoni ba ta ba da wahala ba. Sunan kasuwanci ya yi, ba kamfani ba, domin ya fi araha kuma ya wadatar. Ta intanet ya nemi a keɓe masa suna, ya cika bayanansa da lambar NIN da adireshin shagon, ya biya, takardar shaida ta fito ya sauke ta, ya buɗe asusun kasuwanci da ita. Lauyan ya tuna masa cewa akwai bayanin shekara da ake miƙawa, kada ya ɗauka an gama ke nan.

Kayan farko sun tashi a ƙarshen 2022. Yayata ta ba wani ɗan canji sefa a Damagaram, abokin hulɗarsa a kasuwar canji ta Wapa a Kano ya ba mu naira a ranar. Daga Wapa kai tsaye Kwari muka wuce, domin ƙa'idar da muka kafa ita ce kuɗi ba ya kwana a naira. Na kira ta ta bidiyo, abokina yana warware turmi ɗaya bayan ɗaya. Cikin shago fitila na canza launi, shuɗi ya koma kamar baƙi, don haka duk wanda ta nuna sha'awa sai mun fito da shi bakin layi an gan shi a hasken rana, 'yan dako na ta cewa a ba su hanya. Ta ƙi wani mai ruwan ƙasa da ni na ɗauka zai tafi, ta ce na tsofaffi ne. Aka jera kayan a leda, aka sa a buhu, aka ɗinke baki da babbar allura, na rubuta sunan mijinta da lambar wayarsa da alƙalami mai kauri a gefe biyu. A tasha ɗan kamasho ya haɗa mu da direban da ke bin hanyar Daura da Kongolam, muka yi cinikin kuɗin mota tare da abin da za a biya na kwastan, na ɗauki hoton buhun da lambar motar na aika. A littafi kowane turmi na da layi ɗaya: kuɗinsa da naira, farashin canjin ranar, kuɗinsa da sefa, da kasonsa na dako da mota. Wannan shafi na ƙarshe shi ne wanda masu farawa ke mantawa, su yi ta murnar ribar da mota ta riga ta cinye.

Shekarar 2023 ce ta gwada tsarin. Sauyin fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi daga Janairu zuwa Maris, daidai lokacin da ake shirin sarin kayan sallah. Masu shago sun karɓi tura kuɗi ta waya, amma ɗan dako da mai ɗinkin buhu da direba tsaba suke so, ita kuma sai an saye ta a wurin masu POS da ƙari mai nauyi. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ta fara faɗuwa, har zuwa farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, saboda haka jika ɗaya, wato sefa dubu, da muka saba canzawa ta zo tana haura naira dubu biyu. Mai kallo daga nesa zai ce kakarmu ta yanke saƙa. Gaskiyar ita ce yawancin kayan Kwari daga waje ake shigo da su da dala, farashinsu na bin canji a baya-baya, don haka abin da mai sefa ke samu shi ne ɗan tazarar da ke tsakanin faɗuwar naira da ranar da mai shago ya sauya farashi. Amma da a naira aka auna uwar kuɗin, da littafi ya nuna riba mai yawa alhali jarin yayata yana narkewa.

Sai juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, da takunkumin ECOWAS, da rufe iyaka. A lokacin muna da buhu biyu da aka ɗinke suna jiran mota. Akwai masu bi ta barauniyar hanya a kan babura, an kuma yi mana tayi, muka ƙi, domin dukiyar amana ce, ni kuma ɗalibi ne da katin zamansa ke hannun hukuma. Buhunan suka koma bayan shagon Alhaji. Tunda uwar kuɗi ba ta koma kuɗi ba, ba a raba komai ba, abokina ya yi watanni bai ga ko kwabo ba, kuma bai yi ƙorafi ba saboda da kunnensa ya ji sharaɗin a zauren Malam. Da abin ya yi tsawo, yayata ta ba shi izini ya kwance buhu ɗaya ya sayar a nan Kano, aka mayar da kuɗin sefa aka ajiye. A tsakanin nan ne na cika takardar neman tallafin Gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take ba matasan dukkan ƙasashen Afirka 54 horo da jarin dala 5,000. Ba na cikin waɗanda aka zaɓa, amma na ambace ta ne domin tana cikin ƙofofi ƙalilan da ba a tambayar baƙo takardar zama ɗan ƙasa, saɓanin yawancin tallafin gwamnati. An buɗe iyaka a watan Maris na 2024, ana cikin azumi, buhun da ya rage ya isa kafin sallah.

Abokan da muka ba kanmu maki na sama tare, kowa da inda ya nufa. Mai turare ya koma Injamena ya buɗe shago, daga Kano yake saro kwalabe. Mai gyaran kwamfuta ya karɓi aikin albashi, ya ce sai ya tara jari. Wasu sun bar maganar gaba ɗaya, ba don niyyarsu ƙarya ba ce tun farko, sai don sun tsara abin da ba zai tsaya ba sai da zama a Najeriya, zaman kuma ya ƙare da karatu. Waɗanda na ga harkarsu ta ɗore su ne waɗanda suka dasa ƙafa ɗaya a gida tun suna aji.

Ni da na gama, na koma Damagaram na yi rajistar kasuwanci da sunana a ƙarƙashin dokokin kasuwanci na bai ɗaya na OHADA da ƙasashen Afirka 17 ke amfani da su, na karɓi lambar rajista ta RCCM da lambar haraji ta NIF. Ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairu 2025, kuma duk da ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da mutunta fasfo da zirga-zirgar mutanen ƙasashen da suka fice har sai an yi sabon tsari, ina gaya wa ƙannenmu su je Hukumar Shige da Fice da kansu su tambayi matsayin katinsu a kowace shekara, kada su dogara da abin da na bi a 2022. Yarjejeniyarmu ta farko mun warware ta bayan an mayar wa yayata uwar kuɗinta cif da sefa, aka raba riba. A sabuwar da muka rubuta abokina ya zuba nasa jarin, ni ma na zuba nawa, don haka ta tashi daga ƙiradi ta koma tarayya, kuma a wannan karon asara a kanmu duka take, gwargwadon abin da kowa ya sa.